Jakar Da Ta Tuna Mini Da Kakana A Edinbara

Ranar da na fara taka titin Royal Mile a Edinbara, babban birnin Sikotlan, yayyafi ake yi, sanyi kuwa har cikin ƙashi. Wani shirin musayar ɗalibai ne ya kai ni can na 'yan makonni. Titin ya gangaro daga tsohuwar fadar da ke kan dutse har zuwa fadar Holyrood, shaguna dama da hagu. A wata kusurwa na ga wani mutum yana busa irin algaitarsu mai salka, ya ɗaura wani zane mai ratsi-ratsi iya gwiwa. Dariya ta kusa ƙwace mini, sai idona ya sauka kan wata jaka da ke rataye a gabansa.

Zanen nan shi ne kilt, tufafin gargajiyar mazan tsaunukan ƙasar. Ba shi da aljihu ko ɗaya, shi ya sa ake rataya jaka a ƙugu da maɗaurin fata ko sarƙa. Sunanta siforan, kalmar da ke nufin jakar kuɗi a harshen Gelik. Akwai ta yau da kullum, fata zalla mai tuntaye uku a gaba. Akwai ta biki, mai gashin dabba da bakin ƙarfe mai ƙyalli. Akwai kuma mai dogon gashin doki, wadda mabusan soja ke sawa.

Jakar ta sha gwagwarmaya tare da masu ita. Bayan yaƙin Culloden a 1746, gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mutanen tsaunuka sa tufafinsu, ban da sojojinta, kuma sai a 1782 aka soke dokar. A 1822 Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara sanye da kilt, abin da aka hana jiya ya koma abin alfahari. A gidan tarihi na ƙasa da ke titin Chambers akwai wani bakin siforan na da can wanda aka ɓoye ƙananan bindigogi a cikinsa, don ɓarawon da ya buɗe ba bisa ƙa'ida ba ya ji a jikinsa.

Ranar wata Asabar aka kai mu shagon wata dattijuwa da ke ɗinka siforan da hannu. Ina shiga ƙamshin fata ya buge ni, na tsaya cak. Ƙamshin zauren gidanmu ne a Kano. Kakana baduku ne, kuma tun ina firamare yake kirana in zo in riƙe basilla, ni kuwa ina zillewa, don kada abokaina su ce da ni mai warin jima.

Matar ta shimfiɗa fatar shanu da aka jeme da ɓawon itace, kamar yadda majemanmu ke jima da bagaruwa. Ta ɗora awon kwali, ta yanko gaba, ta yanko baya haɗe da murfi, sannan ta yanko doguwar fata mai laushi da za ta haɗa su, wadda ita ce ke ba jakar ciki. Ta fiƙe gefuna da wuƙa don kada ɗinki ya yi tudu. Ta jiƙa murfin kaɗan, ta buga masa zanen igiyoyi masu sarƙe juna, wanda da na ƙura masa ido sai ya yi mini kama da dagin da ke jikin rigunanmu.

Daga nan ta huda ramuka a jere, ta ɗauki zare mai kakin zuma da allura biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Kowace allura tana ratsa rami ɗaya daga ɓangarenta. Amfanin wannan ɗinki shi ne, ko zare ya tsinke a wuri guda, sauran ba ya warwarewa kamar na keke. Da ta gama, ta goge gefuna har suka yi sheƙi, ta naɗe tuntaye uku ta ɗaura.

Ta miƙo mini guntun fata in gwada. Ramukana suka karkace kamar sawun kaza, na kuma soki ɗan yatsana. Na gaya mata sana'ar kakana, ta tambaye ni ko na koya. Na sunkuyar da kai.

Damuwarta ita ce rashin magada. Yawancin siforan da ke shagunan 'yan yawon buɗe ido daga masana'antun ƙasashen waje ake shigo da su, kuma sun fi na hannu araha nesa ba kusa ba. Ƙungiyar Heritage Crafts ta Birtaniya ta sa ɗinkin siforan cikin jerin sana'o'in da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Ilimin irin wannan aiki a yatsu yake zaune. Idan mai shi ya rasu ba wanda ya zauna kusa da shi, shi ke nan, an binne su tare.

Ban iya sayen siforan ba, kuɗin guzurina bai kai ba. Guntun fatar nan mai karkatattun ramuka na dawo da shi. Da na nuna wa Kaka, ya juya shi, ya yi dariya har da tari, ya ce ai sai a fara daga riƙon basilla. Yanzu duk hutun jami'a ina zaure da safe, kuma na gama kuben wuƙa guda biyu, ko da yake na farkon bai da kyan gani.

Ƙannena ɗalibai, idan akwai mai sana'ar hannu a gidanku ko a unguwarku, ku samu awa ɗaya a hutun nan ku zauna kusa da shi. Karatunku ba zai ragu ba, kuma ba sai kun je Edinbara kamar ni ba kafin ku san abin da ke zaurenku.