Mashayi Ma Yana Bukatar Majalisa

Yau ga wata magana da ba a son taɓawa a gidajenmu, wato maganar mutumin da giya ta kama, kuma yake son rabuwa da ita.

Kowa ya san hukuncin giya a Musulunci, shi kansa mashayin ya sani. Tun shekarar 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, kuma mun sha ganin 'yan Hisba suna fasa kwalabe. To amma kwalba ake iya fasawa, ƙishin yana nan cikin jikin mai shi.

Ina da wani ɗan uwa da muka tashi tare, ya shekara 11 yana sha. An yi masa wa'azi, an yi masa rubutu ya sha, iyaye sun yi fushi, matarsa ta yi yaji har sau biyu. Sai ya rantse ya daina, ya yi sati biyu ko uku, sai a ji ya koma. Wata rana ya ce min, "Yaya, duk wanda zai saurare ni bai yi min tsawa ba, a mashaya yake. In na daina sha, wa zan zauna da shi bayan magariba?" Masu faɗa da masu nasiha sun yi masa yawa. Abin da ya rasa shi ne majalisa.

Wannan larura ce ta haifar da ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake kira AA, a ƙasar Amurka. A 1935 wani ɗan kasuwar hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da daina sha, ya je garin Akron a jihar Ohayo, cinikin da ya kai shi ya lalace, sai sha'awar giya ta taso masa. Maimakon ya shiga mashaya, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi su yi hira. Aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith. Su biyun nan ne tushen ƙungiyar, kuma a 1939 suka fitar da littafin da ke ɗauke da matakai 12 na farfaɗowa.

Tsarin ba shi da wuya. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mahaifinka, sharaɗin kawai shi ne kana son daina sha. Kowa ya faɗi halin da yake ciki, saura su saurara, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan yake tsayawa. Sabon shiga yakan samu wanda ya daɗe da dainawa, ya riƙa kiransa duk lokacin da zuciya ta motsa, ko da tsakar dare ne. Ba a yin alkawarin shekara, na yau kaɗai ake yi. A 2020 masu bincike na Cochrane sun duba nazarce-nazarce 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, suka ga wannan hanya tana kai wa sauran hanyoyin jinya wajen sa mutum ya daina gaba ɗaya, wani lokacin ma ta fi su. Musulmin Amurka ma sun kafa irin tasu a birnin Baltimo a 1989, mai suna Millati Islami, suka ɗora matakan a kan Alƙur'ani da Sunna.

To ina za a samu irin wannan zama? Da farko a je asibiti, domin wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke lokaci guda, cikin kwana biyu zuwa uku zai iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa ta Kaduna da Kware da Maiduguri. A can sai a tambayi likita ko nas ko sun san wasu da suka daina kuma suke haɗuwa. Mai jin Turanci kuma zai samu tarukan AA ta intanet dare da rana, ya shiga ta wayarsa ko fuskarsa bai nuna ba. In duk babu, mutum biyu sun isa a fara.

Haka ɗan uwan nawa ya yi. Wani nas ne ya haɗa shi da mutum biyu, suna zama a shagon ɗayansu duk daren Juma'a bayan isha'i, da shayi da burodi. Ya taɓa zamewa sau ɗaya, washegari suka je har gida suka taho da shi.

Ya kai mai karatu, in akwai irin wannan a gidanku, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ci gaba da addu'a, a kai shi asibiti, sannan a taya shi neman wanda ya taɓa shiga ramin ya fito. Allah ya shirye mu baki ɗaya, amin.