Butoci Uku Da Na Ɗora Wa Yarinya Laifinsu

'Yar uwa mai karatu, kafin ki ci gaba, ki ɗan tashi ki buɗe butar lantarkin da kike dafa ruwan shayi, ki leƙa cikinta. Idan kin ga ƙarfen yana ƙyalli, ki gode wa Allah. Idan kuwa kin ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta kamar ƙanzon tuwo, to ki gyara zama, labarin nan ya shafe ki.

A Kano na tashi, kuma iyakar abin da na sani game da ruwan famfo shi ne an kawo ko an ɗauke. A 2019 aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, muka kama haya a wasu gidaje da ke kan hanyar Kalambaina. Rijiyar burtsatse ce ke ba mu ruwa, a tura shi tanki, ya biyo bututu har kicin da banɗaki. Ruwa ne garai-garai, ba wari, ba laka. Murna ta kama ni, na ce na huta da 'yan garuwa.

Ba mu daɗe da tarewa ba surukata ta turo mana autarta, ƙanwar maigida, 'yar shekara goma sha biyar, ta zauna da mu ta yi makaranta. Ita ke ɗora ruwan shayi da asuba, ita ke taya ni wanki da guga.

Butar farko ta fara da ƙara, sai ta riƙa jinkirin tafasa, wata safiya kuma ta ƙi kamawa. Muka sayi ta biyu, ita ma ba ta shekara ba. Ana cikin haka, ranar wata Juma'a dutsen guga mai tururi ya feso wani gari-gari a kan farar shaddar maigida, ana saura rabin awa a tafi masallaci. Fararen kaya suka dushe, tawul ya yi tauri kamar buhu, sabulun wanki kuwa ba ya kwana biyu. Ni dai lissafina ɗaya ne: duk waɗannan abubuwa hannun mutum ɗaya suke bi. Na ce tana kunna buta ba ruwa, na ce ba ta ɗauraye kaya, na ce tana wasa da sabulu. Ranar da buta ta uku ta fara irin wannan ƙarar, a gaban yayanta na ce mata, "Ke dai duk abin da hannunki ya taɓa sai ya lalace."

Ta ce, "Anti, wallahi ban taɓa kunna ta ba ruwa ba." Ban saurare ta ba. Daga ranar ta daina cin abinci tare da mu. Bayan mako biyu Hajiya ta kira ɗanta ta ce, in zaman ba zai yiwu ba a dawo mata da 'yarta idan an yi hutu. Ke ma kin san nauyin irin wannan magana a gidan aure.

Abin da ya tona gaskiya hitar banɗakinmu ce. Ta mutu a tsakiyar hunturu, kuma yarinyar ko ɗakinmu ba ta shiga. Mai gyara ya zo ya kwance ta, ya zaro ƙarfen da ke ɗumama ruwan, sai ga shi ya yi fari fat, ya kumbura da ɓawo har ba a gane siffarsa. Na tambaye shi ko wani ne ya yi mata ganganci. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wanga ba laihin kowa ba na. Ruwanku na." Jikina ya yi sanyi.

Maƙwabciyata malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, ita ta warware mini sauran. Ƙasar wannan yanki tana da dutsen farar ƙasa a ƙarƙashinta, shi ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Ruwan sama idan ya nutse ya ratsa irin wannan dutse, yakan narkar da sinadarin kalsiyam da na magniziyam ya tafi da su. Ido ba ya ganinsu. Amma da zarar an ɗumama ruwan, musamman in zafinsa ya haura digiri 60, sai kalsiyam ɗin ya koma dutse ya manne a wurin da ya fi zafi. Ɓawon yana tare zafi, ƙarfen ya yi ta gasa kansa maimakon ya gasa ruwa, ya daɗe yana cin katin wuta, daga ƙarshe ya ƙone. Shi ne ke toshe ramukan dutsen guga da na shawa, shi ke sa famfo ɗiga, shi ke kwanciya a cikin injin wanki. Sabulu kuma idan ya haɗu da waɗannan sinadarai, maimakon kumfa sai ya zama wani dauɗa mai yauƙi da ke maƙalewa a zaren tufafi. Har waken da nake ta zuba wa kanwa yana ƙin nuna, ashe akwai hannun ruwan a ciki, don kalsiyam yana ƙara wa wake tauri.

Ta ce masana suna auna abin da miligiram a kowace lita: ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, sama da 180 kuwa ya kai matuƙa. Amma ke ba sai kin je ɗakin gwaji ba. Ki samu gorar roba biyu, ɗaya ruwan famfonki, ɗaya ruwan sama, ki jefa ɗan sabulu daidai wa daida, ki girgiza. Ruwan sama zai cika da kumfa. Idan na famfo ya yi fari kamar tsinkakkiyar madara, kumfar kuma 'yar kaɗan, kin samu amsa.

Tambayar da ta fi damuna ita ce lafiyar yara. Ta kwantar mini da hankali cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa irin wannan ruwa cikin masu cutar da mai sha ba. Kalsiyam da magniziyam ma jiki na buƙatarsu. Sai dai wannan ba ya nufin ruwan ba shi da ƙwayoyin cuta, wannan wani gwaji ne daban.

Ga abin da nake yi yanzu, ko zai amfane ki. Duk bayan mako biyu nakan zuba ruwan khal da ruwa rabi da rabi a buta, in tafasa, in bar shi kamar awa ɗaya, in zubar in ɗauraye sosai. Ruwan lemon tsami ma yana yi. Za ki ga ɓawon yana tsiyayar da 'yan ƙananan kumfa yana narkewa. Kada ki kankare da wuƙa ko cokali. Ba na barin ruwa ya kwana a buta. Kan shawa nakan kwance shi in jiƙa a khal ya kwana. Hita na rage mata zafi, kuma sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo, mai gyara na zuwa ya wanke ta. Dutsen guga ba ya ƙara shan ruwan famfo, sai tataccen ruwa. Wanki na koma garin sabulu, don ya fi sabulun sanda jure wa irin wannan ruwa, da damina kuma ina tarar ruwan sama saboda fararen kaya. Alif da muke sa wa ruwa yana kwantar da laka ne kawai, ba ya cire waɗannan sinadarai. Akwai na'urar da ake haɗawa da bututun gida mai aiki da gishiri, ga mai hali kuma mai gidan kansa. Abu ɗaya da zan roƙe ki: kada ki taɓa haɗa khal da bilic, iskar da suke fitarwa guba ce.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne daren da na ɗauki ƙonannen ƙarfen hitar na shiga ɗakin yarinyar na ajiye a gabanta. Na ce, "Ƙanwata, ga wanda ya ɓata butocin nan. Na zalunce ki, ki yafe mini." Ta daɗe tana juya shi a hannu, sannan ta ce, "Ba komai, Anti." Washegari ni da kaina na kira Hajiya na faɗa mata yadda aka yi, a gaban ɗanta, tunda a gabansa na yi zargin. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ki bar ta ta gama karatunta."

Ta gama kuwa, a gidanmu. Amma sai da aka yi watanni kafin ta dawo cin abinci a kwano ɗaya da ni, kuma ban ga laifinta ba. Buta ta ukun tana nan tana aiki har yau. In ke ma akwai wata yarinya a gidanki da kike yi wa faɗa a kan kayan wuta, ki fara leƙa cikin butar tukuna.