Gidan Ɗan Hausa ashe na ƙasa ne



Mu 'yan aji biyu mun kai ziyara Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a birnin Kano. Kowa daga gida ya kawo kuɗin mota, wasunmu sai da aka sayar da kaza. A hanya muna ta zaton gidan Bature za mu gani, mai gilashi da tayil. Da muka sauka sai ga bene na ƙasa, da zankwaye a kansa.

Wanda ya zauna a gidan sunansa Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, amma Turawan Ingila ya yi wa aiki. A 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno. A 1909 ya buɗe makarantar boko a nan Nasarawa, ya fara da malamai, daga baya 'ya'yan sarakuna suka shigo. Jin Hausarsa ne ya sa ake ce masa Ɗan Hausa. Ke nan wannan bokon da muke yi, a nan ya kafa tushe.

Amma ginin ya fi tsaya mana a rai. Da rana tsaka muka shiga, muka ji sanyi kamar an buɗe randa. Bango mai kauri, rufin azara, ga ɗaurin guga ya lanƙwaso ya haɗe a tsakiya. Wani ɗan ajinmu ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ai irin soron kakanmu ne!" Malam ya tambaye shi ina soron. Ya ce bara aka rushe, aka sa bulo da kwano. Kusan kowannenmu yana da irin wannan labari, kuma duk mun san yadda ɗakin kwano yake gasa mutum da bazara.

Ba mu ga laifin iyayenmu ba. Gidan ƙasa yana son yaɓe duk shekara, idan aka yi sake ruwan Agusta ya kayar da shi, wani lokaci har da rai. Giginyar da ake fasa azara ta yi wuya. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun tsufa, yaransu sun koma kwaɓa siminti.

A harabar gidan muka ci abinci ƙarƙashin manyan itatuwa. 'Yan matan ajinmu suka yi ta mamakin fili haka babu ko ramin wake, don a wajenmu har bakin katanga ake shuka gero. Sun ma fara lissafin dami nawa zai bayar, Malama ta ce su bari.

Mun ƙirga a mota, soraye huɗu ne suka rage a garinmu masu ɗaurin guga, magini ɗaya. Muna roƙon shugaban makaranta ya bar mu mu je wajensa ranar Asabar da littafi da biro.