Daga Zariya Zuwa Jos A Kan Babur Cikin Hunturu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta bayanin hanyar Zariya zuwa Jos, kamar yadda mai babur ya ke samunta a watan Disamba. Da yawa daga cikinmu a kan babur mu ke zuwa ganin gida in hutu ya zo. Sai ka ji mutum ya sauka yana cewa hanya ta kashe masa jiki. Ni kuwa a ganina rabon hanya cikin wannan gajiya kaɗan ne, mafi yawanta aikin iska ne, ita kuwa tana da magani.

Tsawon hanyan nan wajen mil 150 ne. Tana fita daga Zariya ta ƙetare kogin Galma, ta bi ta Soba, da Dutsen Wai, da Pambeguwa, da Saminaka, da Jengre, kana ta hau tudu zuwa Jos. Dā akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ya ke bin wannan nahiya saboda kuza, ya kai Bukuru cikin 1914, aka tsai da shi cikin 1957. Abin da ya kamata mai babur ya riƙe shi ne, hanyar kudu maso gabas ta nufa, hunturu kuwa daga arewa maso gabas ya ke busowa. Watau tun fitarka har isarka iskar tana kan kafaɗarka ta hagu. Wanda ya saba da hanyar Kano, inda ta ke tararsa gaba da gaba, sai ya sake koyon zama.

Wannan iska ba baƙuwar kusa ba ce. A arewacin Chadi akwai wani kwari mai suna Bodele, wanda a zamanin dā ƙarƙashin babban tafki ne. Iska ta kan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta yi ƙarfi, ta kwashi farar ƙurar kwarin, ta yo yamma da ita. Hazon da ya ke rufe mana rana, yawancinsa daga can ne, har ma wani ya kan ƙetare teku ya sauka a Amurka ta Kudu. To, wadda ta yi wannan tafiya ba rigar shadda za ta tsai da ita ba.

Daga Galma zuwa Soba fili ne, an girbe dawa, ba abin da ya rage sai kara da 'yan itatuwan ɗorawa da kaɗanya nan da can. A nan mutum ya ke jin sha'awar murɗa mai, a nan kuwa lissafi ya ke kama shi. Ƙarfin da iska ta ke tura ƙirjinka da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudu. In ka ninka gudu sau 2, turin ya kan ninku sau 4. Mai gudun mil 60 a sa'a yana ɗauke da nauyin iska ninki huɗu na mai gudun mil 30, kuma wuyansa da damatsansa ne su ke ɗauke da shi, sa'a bayan sa'a. In ya sauko daga 60 zuwa 50, kusan sulusin nauyin nan ya tafi, abin da ya yi hasara a dukan tafiyar bai wuce rabin sa'a ba. Wannan shi ne maganin da ba a biyan ko anini a kansa, shi ne kuma wanda samari su ka fi ƙi.

Magani na biyu shi ne gilashin gaba, wanda na fi so in kira garkuwa. Baburan da su ka cika kasuwanninmu, su Bajaj da Jincheng, don zirga-zirgar gari aka yi su, tsirara su ke zuwa. Kada wannan ya ba mu kunya, gama Turawa ma sun daɗe a haka. Cikin 1971 wani Ba'amurke, Craig Vetter, ya fito da wata garkuwa mai suna Windjammer, matafiya su ka yi ta saye suna ɗaura wa baburansu. Babban baburin nan na Japan, Honda Gold Wing, da ya fito cikin 1975 ba shi da garkuwa, sai cikin 1980 kamfanin ya fara sayar da shi da ita. Jamusawa kuwa cikin 1976 su ka fitar da BMW R100RS, wanda aka gwada suturarsa a wani ɗaki da a ke hura iska da inji, don a ga inda ta ke bi.

Abin da su ka gano, ni ma hanyar Soba ta nuna mini, shi ne girman garkuwa ba shi ne kyaunta ba. Mutanenmu in za su sa, sai su ce wa makaniki ya ɗaura mai tsawo wadda za ta rufe har kai. Kuskure ne ta fuska biyu. Na fari, mai tafiya Jos da safe rana tana gabansa, gilashin roba kuwa in ƙura ta kwanta masa, ko an goge shi da busasshen tsumma ya yi zane, ya kan koma fari fat in hasken ya bugo shi, ba ka ganin rami, ba ka ganin akuya. Ƙa'idar ita ce, in ka zauna yadda ka saba zama, bakin gilashin na sama ya tsaya daidai hancinka, ka riƙa duban hanya ta bisansa, ba ta cikinsa ba. Na biyu, iskar da ta bugi garkuwa ba ɓacewa ta ke yi ba, ta kan haye ta bisa ta faɗo cikin gurbin da ke bayanta tana juyi kamar guguwa. In juyin nan ya faɗa daidai hular kwano, sai kanka ya yi ta rawa, ido ya ƙi tsayawa, kafin Dutsen Wai ciwon kai ya kama ka. Wannan ya fi rashin garkuwa muni, don iska mai zuwa sumul ta fi mai dukan kai sauƙin jurewa. Maganinsa a bar 'yar kafa kamar faɗin yatsa biyu tsakanin gindin gilashin da fitila, iska kaɗan ta shigo ta ƙasa ta cika gurbin, a kuma kwantar da gilashin baya kaɗan kamar yadda ƙafafun gaba su ke a kwance. Kafin a ɗaure ƙusoshi sarai, a hau a gwada, a miƙa hannu ɗaya a laluba inda iskar ta ke wucewa, a ɗaga ko a sauke. Inci ɗaya ya kan sāke al'amari duka.

A Pambeguwa hanyar Kaduna ta ke haɗuwa da tamu, daga nan manyan motoci su ke yawa, masu ɗaukar masarar ƙasar Lere da masu mai. Nan ne garkuwa mai faɗi ta ke nuna ɗaya halin nata. Ka tuna iska tana hagunka, ka ɗan jingina gare ta ba ka sani ba. Tirela mai zuwa ta wuce ta hagun nan, ta tare iskar farat ɗaya, babur ya zabura wajenta, kana ta wuce, iskar ta komo da mari. In garkuwar a kan babur aka ɗaure ta, watau wurin da a ke riƙewa, kowane mari juya maka kai ya ke yi. Saboda haka manyan baburan tafiya a jikin babur su ke ɗaure tasu. Mu masu ƙananan babura ba mu da wannan hali, sai mu tsaya ga ƙarama wadda ba ta wuce faɗin kafaɗa ba. Ko a tseren babura na Turai, suturar nan da ta ke rufe har ƙafar gaba an hana ta daga 1958, ɗaya daga cikin dalilan kuwa iskar gefe ce. In ka hango tirela, matsa dama, rage gudu, matse tanki da gwiwa, ka sassauta hannu. Wanda ya ƙanƙame shi iska ta fi wasa da shi.

A Saminaka kowa ya kan tsaya shan shayi, nan kuma za ka ga irin shirin da kowa ya yi. Na ga wani dattijo da babbar riga, iska ta cika ta kamar rumfa, ta ja shi baya tun daga Kaduna, ban da tsoron kada gefenta ya shiga sarƙa. Riga ta ado a ninke ta a jaka, a sa ta in an isa. Ta tafiya ita ce wadda iska ba ta ratsawa, mai matse wuya da wuyan hannu, da rigar sanyi ƙarƙashinta. Wanda ba shi da ita ya shimfiɗa tsohuwar jarida ninki uku a ƙirji cikin taguwa, Edita ya gafarce ni, tana aiki ƙwarai. Azbinawa kuwa sun riga mu sanin amfanin amawali: ƙyalle a kan hanci da baki, a cusa bakinsa cikin riga, da ɗan man kaɗanya a leɓe. Akwai kuma kunne, wanda ba mai tunawa da shi. Ƙugin iska cikin hular kwano in gudu ya yi yawa ya isa ya rage wa mutum ji in ya daɗe yana yi, shi ne ƙaran nan da ka ke ji da dare bayan ka sauka. 'Yan toshe-kunne na soso da a ke sayarwa a kantin magani suna rage shi, ba su kuwa hana ka jin ƙahon mota.

Daga Jengre ƙasa ta ke sākewa. Duwatsu su taso dama da hagu, hanya ta fara hawa tana lanƙwasa, gonaki su koma ƙanana da shingen ƙyarana. Zariya tana wajen ƙafa 2,200 bisa teku, Jos kuwa wajen 4,000, hawan nan kaɗai ya kan rage zafi da digiri 3 ko 4. Da asubar Disamba ma'aunin zafi a Jos ya kan sauko wajen digiri 10, mai gudun mil 50 cikin wannan ɗari jikinsa ji ya ke kamar digiri 4 ne. Ƙirji yana bayan garkuwa, amma yatsu suna waje, su ne kuwa masu kama birki, a daidai wurin da hanya ta fi bukatar birki. Yatsan da ya sandare ba ya kamawa da sauri. Don haka na fi ba safar hannu ta fata, da 'yan marufan roba da a ke ɗaurawa gaban hannu, daraja bisa gilashin kansa. Gwiwa ma haka, ko da dogon wando biyu ne.

Game da lokaci, kada a yi sammakon asuba don a riga rana, wannan dabarar bazara ce. Cikin hunturu a bari sai wajen ƙarfe 9, ɗari ya karye, rana ta ɗaga daga ido, a huta a Pambeguwa da Saminaka, a hau tudun tun da sauran zafin rana, a shiga Jos kafin la'asar. Ran komowa iskar za ta koma dama, tireloli ba za su tare maka ita ba, amma za ta riƙa tura ka tsakiyar hanya, sai ka bar wa kanka fili daga nan wajen.

In akwai mai karatu da ya saba da hanyar Jos zuwa Bauci, ko ta Kano zuwa Daura, ina so ya rubuto mana yadda iska ta ke a can.

Naka,
Wani Akawu, Sabon Gari, Zariya.