Faci Yana Fitowa da Wuri, Isowarsa Kano ce Aiki

Wajen 2008, muna samari a Yakasai, duk mai kwamfuta a cikin badala kukansa ɗaya ne: bairos. Ka kai filas ɗinka kafe ko shagon buga takardu, ka dawo gida da cuta. Ana cikin haka faifan Ubuntu, wani nau'in manhajar Linux, ya shigo hannunmu. Kamfanin Canonical ne yake aiko shi kyauta ta gidan waya, a shirinsa na ShipIt da aka rufe a 2011. Faifai ɗaya sai ya zaga unguwa, ya leƙa Ƙofar Mata, ya dawo duk ya sha ƙarzuwa. Muna ɗora shi a tsofaffin kwamfutocinmu na hannu, muna cika baki cewa Linux ba ya kamuwa.

Sai dai kafin faifan ya ƙetaro teku ya iso, an riga an gano wasu kafofi a cikinsa, an kuma fitar da facinsu. Kana kunna intanet zai ce akwai sabuntawa tana jira. Da wace datar? Modem ɗaya muke karɓa-karɓa, ga NEPA tana ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa. Yawancinmu "anjima" muke dannawa, anjimar da kan kai wata shida, har sabon faifai ya fito. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa yaɓen da ba a yi kafin damina ba, katanga ce take biyan bashinsa.

Masu rubuta manhajar ba su da nawa, wannan shaida zan ba su. A Afrilun 2014, ranar da aka sanar da ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, ranar gyaranta ya fito. A 2015 wani mai bincike, Joshua Drake, ya gano ta Stagefright a Android, wadda ita ma a kan Linux aka gina ta: saƙon bidiyo ɗaya ya isa a kutsa cikin waya, kuma an ƙiyasta wayoyi miliyan 950 abin ya shafa. Shi da kansa ya haɗa wa Google facin, daga watan Agustan shekarar kuma aka fara fitar da gyaran tsaro duk wata.

To, amma daga can zuwa aljihun ɗan kasuwar Kurmi akwai tafiya. Sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ga dama ya tura, kuma masu arahar da muke iya saya su ake fara mantawa da su. Wayar da nake riƙe da ita a lokacin har ta mutu ba ta ga facin nan ba.

A da hotuna da waƙoƙi kawai za ka yi asara. Yau asusun bankinka yana cikin wayar. In za ka sayi waya a kasuwar Farm Centre, kafin ka miƙa kuɗi ka shiga saitinta ka duba ranar facin tsaronta na ƙarshe. In ya haura shekara, ajiye ta ka nemi wata.