Gidan Kwana Goma

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada ta masu hali, wato mutum ya gina gida na biyu a bakin teku, wanda ba ya zama cikinsa sai lokacin zafi, sa'ad da ya sami hutu ya kwashi iyalinsa su je shan iska. Mu Hausawa ba mu da teku, balle Daura wadda tsakaninta da Legas ya fi kilomita 1,000, kuma talakanmu bai san gida biyu ba, in ba bukkar gona ba. A da sarakuna ne kaɗai suke da abin da ya yi kama da wannan, kamar gidajen Sarkin Kano na Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa. Amma duk wanda ya zaga bayan garin Daura a 'yan shekarun nan, ko ta hanyar Kano, ko ta Katsina, ko ta Kwangwalam, zai ga al'adar ta shigo mana ta wata ƙofa. Manyan gidaje ne masu doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba kowa ciki sai maigadi. Masu su suna Abuja ko Kaduna ko Legas, ba sa buɗe su sai da ƙaramar salla da babba, sai kuwa sallar Gani ga wanda ya sami sarari. In aka lissafa kwanakin da mai gida yake yi ciki a shekara, da ƙyar su wuce goma.

Irin wannan gini ya ƙaru ƙwarai tsakanin 2015 da 2023, lokacin da ɗan garin, marigayi Muhammadu Buhari, yake shugabancin ƙasa. A shekarun nan ne Daura ta sami kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, aka kuma soma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa ta garin. Filaye suka yi daraja, kowane ɗan gari da ke waje ya ga tilas ne shi ma a san yana da wurin sauka na kansa.

Baffana yana cikin waɗannan. Ya shekara kusan talatin yana aiki a Legas, a 2022 ya ƙudura zai gina nasa. Da yake ni ɗalibi ne mai zuwa gida hutu, sai ya ɗora mini aikin ido: in je in duba, in ƙirga buhunan siminti, in ɗauki hoto in aika masa ta WhatsApp. Zanen gidan ma ta waya ya zo. Wani gida ya gani a Lekki, kusa da ruwa, ya ba shi sha'awa, ya sa aka kwaikwaya masa. Bene ne mai faffaɗan falo, bangonsa na yamma gilashi tun daga ƙasa har silin. A can an yi gilashin ne don mai gida ya zauna yana kallon teku, in ya zuge shi iska mai laima ta shigo. A nan kuwa abin da yamma take kawowa shi ne ranar la'asar ta watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40. In an tsira daga wannan, ga ƙurar hunturu tana jira, wadda ba ta neman izinin taga.

Aikin ya tafi da sauri da farko. Bayan damina aka haƙa harsashi, kafin azumin 2023 bulo ya kai tsawon linta. Daga nan aka cire tallafin mai, kuɗin ɗauko yashi da tsakuwa ya tashi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali shekara guda kafin nan wajen rabin haka ake sayensa. Ginin ya tsaya wata bakwai, rodi a tsaye sama suna tsatsa, awakin unguwa suna kwana a falo. Wannan duk bai dame ni sosai ba, domin ba Baffa kaɗai abin ya sama ba. Abin da ya tayar da magana a gidanmu wani ne daban.

Baffa bai sayi fili a bayan gari ba. Rabonsa na gado ya ɗauka, wato sashen gabas na gidan kakanmu a cikin gari, kuma a bakin wannan sashe zauren gidan yake. Zanen Legas bai san zaure ba. Abin da ya sani shi ne ƙofar mota, da wurin ajiye mota biyu, sa'an nan falo. Daidai inda aka zana wurin motocin, nan zauren yake tsaye. Da birkila ya zo da igiyar awo, kakarmu ta fito ta zauna a kan dakali, ta ce a gaya wa mutumin Legas, don ba ta faɗin sunansa da yake ɗan fari ne, cewa ya jira a fitar da gawarta ta zauren tukuna, bayan nan ya yi abin da ya ga dama.

Wannan tsaiko ne ya haɗa ni da wani tsohon magini, wanda mahaifinsa ya gina zauren, shi kuma ya yi ta yaɓe shi shekara da shekaru. Na roƙe shi ya bayyana mini yadda aka yi shi, ya ce, "Ɗan nan, kai da aka haifa a ciki kake tambaya?" Amma ya bayyana, kuma ina ganin ya dace in kawo bayaninsa, domin da yawa daga cikinmu mun san waɗannan kalmomi a ƙamus, ba mu san abin da suke ɗauke da shi ba.

Ƙasar ginin ana jiƙa ta, a zuba mata ramno, a tattaka, a bar ta ta kwana kwanaki ta ruɓa, sa'an nan a cura tubali da hannu, mai faɗi a gindi mai tsini a kai, a shanya a rana. Bango yakan fara da kauri ƙwarai a ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Wahalar magini tana wajen rufi. Azara, wato tsagin giginya, ita ce itacen da gara ba ta cika ci ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce wajen mita 2. To, yaya za a rufe ɗaki mai faɗin mita 5 ko 6 ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba? Nan hikimar baka ta shigo. Ana kafa azara a cikin bango tana karkata ciki, a ɗaure wata a kanta ta ƙara karkata, daki-daki, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa su zama kamar bakan maharbi. In bakuna suka gitta juna a tsakiya kamar yadda ake ɗaure bakin guga, shi ne daurin guga. Zaurenmu haka yake, kuma a mahaɗar an manna wata tasa wadda tun ina yaro nake ɗaga kai ina kallo. Daga waje kuma sai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, don ruwa ya zame ya bi indararo. Zankwaye a kan kusurwa su ne rawanin ginin.

Amfanin wannan kauri kowa ya san shi da jikinsa. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Da azahar ɗin bazara zauren yana da sanyi kamar randa, da asubar hunturu kuma yana da ɗumi. Na gwada tsayawa a falon Baffa da ƙarfe huɗu na yamma, tun ba a sa gilashin ba, na dawo zaure na zauna; tsakaninsu taku ashirin ne, amma sai ka ce gari biyu. Shi falon an riga an yi masa lissafin na'urar sanyaya ɗaki uku, wato an gina shi ne bisa alkawarin wutar lantarki, kuma mai karatu ya san yadda wannan alkawari yake cika a ƙasar nan.

Kada a ɗauka ginin ƙasa aikin rashi ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka yi shi, kuma har yau masana gini na duniya suna nazarin bakunansa. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya soma wani masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Wanda ya je unguwar Birni a Damagaram kuwa ya ga yadda ake yi wa fuskar gida zane.

Sai dai zaure ba don sanyi kaɗai aka yi shi ba. Shi ne yake tsara wa Bahaushe mu'amalarsa da mutane. Baƙo namiji iyakarsa nan. Aboki na kusa ya wuce shigifa. Cikin gida sai muharrami. A zaure ake cin tuwon dare da maƙwabta, a nan ake ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki, a nan almajiri yake fakewa in ruwa ya tsuge, matafiyi ya kwana ba wanda ya tambaye shi takarda. Ƙofarsa a buɗe take tun asuba. Gidan ƙofar ƙarfe ba shi da wannan matsakaicin wuri: ko dai a bar ka a titi kana magana da maigadi ta ƙaramar taga, ko a shigar da kai har falo inda matan gida suke gittawa. Da yake ba kowa za a shigar ba, yawancin mutane a titi suke ƙarewa. Abin mamaki, mutumin da ya zo gida don a gaisa da shi, shi ne ya gina gidan da ya fi wuyar shiga a unguwa.

Adon cikin gidan ma ya canza hannu. A ɗakin kakarmu har yanzu akwai jerenta: tasoshi da fanteka da kwalla da samira, an ɗora su bisa juna har kusa da rufi, ga gado mai rumfa, ga faifai masu launi a bango. Tana iya nuna kowane kwano ta faɗi wanda ya kawo shi, wannan na gara ne, wancan da kuɗin ƙuli-ƙuli ta saya shekarar da aka yi fari. Jere dukiyar mace ce da tarihinta, in ta matsu ta cire ɗaya ta sayar. Namiji nasa adon yana waje, a zanen fuskar zaure. A gidan Baffa kuwa, hotunan da yake turo mini su ne umarni: tayil mai ƙyalli kamar ruwa, silin mai hawa uku da fitilu a ɓoye, labule mai ruwan toka, kujerun kushin farare. Fararen kujeru a Daura! Matarsa ba ta zaɓi ko ɗaya ba, kuma ba wanda zai zauna kansu ya daɗe har ya san ko suna da daɗi. An zaɓe su ne don su yi kyau a hoto, domin a hoto mai su zai riƙa ganinsu wata goma sha ɗaya.

Duk da haka ban ga laifin Baffa da ya ƙi ginin ƙasa ba, kuma tsohon maginin da kansa ne ya nuna mini dalili. Gidan ƙasa yana bukatar mai shi kusa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara bakin indararo, an yi yaɓe. In aka yi sakaci damina biyu, ta uku sai ta shigo ɗaki. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma a ginin ƙasa wannan magana ba ta bukatar fassara, don bangon da kansa yake zubewa. Siminti kuwa yana haƙuri da rashin mai shi. Ka kulle ka tafi shekara, ka dawo ka share ƙura ka kwanta. Saboda haka mutumin da abincinsa yake Legas ba shi da zaɓi mai yawa. Ga shi kuma giginya ta yi ƙaranci, marina sun mutu balle a sami katsi, masu iya ɗaurin baka kuma ana ƙirga su da yatsu. Ɗan tsohon nan ma bulo yake ɗorawa a Abuja. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko zanen bakin teku ɗungurungum a dasa a bakin Sahara, alhali ko da siminti ana iya yin bango mai kauri, da ƙananan tagogi a sama, da tsakar gida mai inuwa, da zaure.

An yi wata uku ana kai da kawowa ta waya. Kawunnai da gwaggwanni suka sa baki, wasu suka ce tsohuwa tana hana yaro cin gadonsa, wasu suka ce zauren na kowa ne, ba ya cikin rabo. Daga bisani Baffa ya sauko, ko da yake bai ce ya yarda da hujjar kowa ba. Cewa ya yi ba zai sa mahaifiyarsa kuka saboda mota ba. Aka karkatar da katanga ta zagaye zauren, wurin mota ya koma na guda ɗaya, ƙofar ƙarfen ta koma ta lungu. Gilashin yamma dai yana nan yadda aka zana shi, an ma riga an auna.

A hutun da ya wuce na tarar an gama zuba kankaren bene, an yi filasta ciki da waje, masu tayil sun kai rabin falo. Saura wayar wuta da fenti da matakala. Kafin ruwan farko tsohon maginin ya zo da jikokinsa biyu suna miƙa masa ƙasa, ya yaɓe zauren a kwana huɗu, aka biya shi daga kuɗin da aka ware na labule. Na aika wa Baffa hoton, ya amsa da tambayar ko kwalin tayil nawa ya rage. Ya ce yana so ya sauka a gidan da babbar salla.