Da Tambarin Makarantarmu Zuwa Shomolu

Duk wanda ya taɓa riƙe kalandar banki, ko katin gayyatar biki mai ƙyalli, ko fostar ɗan takara a Najeriya, ba mamaki abin ya bi ta Shomolu kafin ya iso hannunsa. Unguwa ce a Legas, gefen titin Ikorodu, wadda harkar ɗab'i ta mamaye. Can ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta aike ni gab da taron shekara, in bugo riguna da huluna hana-salla da kofunan shayi da alƙaluman biro, duka ɗauke da tambarin makaranta. A Kano ma akwai masu bugu, amma kwamiti ya fi son a gama komai a wuri guda. Abin da aka damƙa mini shi ne kuɗi, da hoton tambarin a waya, wanda wani ya ɗauko daga allon bakin ƙofar makaranta ya tura ta WhatsApp.

Babbar bas muka shiga daga Sabon Gari bayan la'asar. Mun wuce Zariya da sauran haske, muka ratsa Kaduna da Abuja, tsakar dare muka haye gadar Murtala a kan kogin Neja muka faɗa Lokoja. Daga nan sai duwatsun Okene, sai Owo da Akure, gari ya waye mana cikin kurmi kafin Badun. Na sauka a Agege wurin kawuna, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango tun zamanin da fataucin goro ke bin jirgin ƙasa. Washegari ɗansa ya raka ni, muka hau danfo zuwa Oshodi, muka canza mota zuwa Onipanu, sauran kuma da ƙafa.

Kunne ne ke fara sanar da mutum ya iso: rugugin janareta ta ko'ina, da bugun tsofaffin injinan Heidelberg na Jamus daga cikin shagunan da ba su fi ɗaki ɗaya ba. Warin tawada ya cika titi, 'yan dako na tura baro shaƙe da takarda. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka raba aikin. Wannan farantin bugu kawai yake haɗawa, wancan yanka takarda, na gaba ɗinkin littafi, wani a bene yana surfanin inji. Aiki ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin ya kammala.

Mai shagon da aka haɗa ni da shi bai yi maganar farashi ba sai da ya ga tambarin. Ya miƙa wayata ga wata matashiya da ke zaune gaban kwamfuta, Bayarabiya ce da ta yi bautar ƙasa a Katsina, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta ɗora hoton a kwamfuta, ta faɗaɗa shi zuwa girman ƙirjin riga, ta juyo mini da fuskar na'urar.

"Baba, duba nan," in ji ta.

Bishiyar dabinon da ke tsakiyar tambarin ta koma tarin 'yan murabba'ai, rubutun da ya kewaye ta kuwa ba ya karantuwa. Ta yi mini lissafin a bayan rasit. Hoton waya ɗigo-ɗigo ne, masu bugu kuma suna son ɗigo 300 a kowane inci. Namu faɗinsa ɗigo 600 ne kacal, wato ba zai yi kyau ba in ya wuce inci 2. Ƙirjin riga yana cin inci 10, ana buƙatar ɗigo 3,000 ke nan. Ga shi WhatsApp yana matse hoto yana rage masa nauyi in ba a tura shi a matsayin fayil ba.

Maganin shi ne a sake zana tambarin gaba ɗaya da layuka, irin zanen da suke kira bekta. Shi wannan kwamfuta ba ta ajiye shi a matsayin ɗigo, lissafin lanƙwasar kowane layi take riƙewa, don haka ko a jikin biro aka sa shi ko a allon talla, bakinsa na nan da kaifi. Ta buɗe CorelDRAW, manhajar nan ta Kanada da ta fito a 1989, wadda kusan kowane shago a Shomolu da ita yake aiki, ta shimfiɗa hotonmu a ƙasa, ta dinga bin sa layi bayan layi da hannu. Akwai maɓallin da ke yin wannan kai tsaye, amma ta ce shi ba ya bambanta ganyen dabino da tsatsar allo.

Na ja kujera na zauna kusa da ita, domin wannan tambari malaminmu na zane ne ya yi shi da hannunsa, kuma ya riga mu gidan gaskiya. Akwai wurin da ganye ɗaya ya fi sauran sunkuyawa a kan buɗaɗɗen littafi. Ta tambaye ni ko ta miƙar da shi. Na roƙe ta ta bar shi, domin a haka kowane ɗalibi ya san shi.

Da aka zo kan rubutu, kalmar "ƙungiya" ta fito da wani ɗan akwati a gurbin harafin farko. Yawancin salon haruffan da ake ado da su ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Tun a shekarun 1930 aka tsayar da haruffan nan masu lanƙwasa a Zariya, zamanin Dokta R. M. East da Hukumar Talifi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a 1939. Ba daidai ba ne a ce yau, da kwamfuta a hannu, mu koma buga sunan ƙungiya da k maras ƙugiya saboda gaggawa, kamar yadda nake gani a riguna da yawa. Ta nemo salon da ke da su, sannan ta mayar da duk rubutun zane, yadda ko an buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da wannan salo ba zai sauya ba. Layin ajami na ƙasan tambarin ma da hannu ta bi shi, ni ina nuna mata inda harafi ke haɗuwa da ɗan'uwansa da inda ɗigo ya kamata ya zauna, tunda ita ba ta karanta shi.

Sai launi. Koren da ke walƙiya a waya haske ne, ja da kore da shuɗi suke haɗa shi, injin bugu kuwa tawada yake zubawa, ba ta kai wannan ƙyallin. Mai shago ya ciro wani littafi mai kama da mafici, na kamfanin Pantone na Amurka wanda ya fito da tsarinsa a 1963, kowane launi da lambarsa. Muka fita waje cikin hasken rana na zaɓi koren da ya fi kusa da na kayan makaranta, aka rubuta lambar. Da ita mai riga da mai kofi da mai surfani za su daidaita.

Daga nan na gane cewa tambari ɗaya ba ya isar kaya huɗu. Rigunan da rariya za a buga su, kuma kowane launi da rariyarsa da kuɗinsa, don haka hoton ranar da ke bayan dabinon, wadda launinta ke disashewa a hankali, dole ta koma rawaya guda. Tunda rigar baƙa ce, sai an fara shimfiɗa farar tawada a ƙasa, in ba haka ba koren zai nutse. Kofi kuwa da zafi ake manna masa hoto, daga takardar da aka buga a juye, kuma sai farin kofi mai shafe na musamman, domin wannan hanya ba ta da farar tawada. Mai surfanin hula ya ce harafin da bai kai milimita 5 ba zare zai cinye shi, ga shi sai an mayar da zanen lissafin ɗinki kafin injinsa ya gane. Biro shi ne mafi ƙunci: launi ɗaya, dabino da sunan makaranta kawai.

Cire taken makaranta daga hula ya yi mini nauyi, sai da na kira shugaban ƙungiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, gara a cire shi da a buga shi a dagule. Amma a riga kada a taɓa shi."

Ban bari an tayar da inji ba sai da aka buga mini gwaji ɗaya na kowane kaya, na duba harafi-harafi na sa hannu. A gwajin riga an ɗan sauko da tambarin ƙasa da ƙirji, aka ɗaga shi. Kafin in biya cikon kuɗi na nemi a ba ni asalin fayil ɗin, domin sau da yawa mai aiki ne ke riƙe shi, ƙungiya kuma ta sake biyan kuɗin zane a shekara mai zuwa. Ta zuba mini a filashi: na bekta mai cikakken launi, na launi ɗaya, fari zalla don yadi mai duhu, wanda ba shi da bango a bayansa, da na surfani, ta rubuta lambar koren a jikin ambulan.

Kayan sun biyo motar kaya zuwa Kano cikin kwalaye. Filashin na miƙa wa sakatare a zaman kwamiti, muka tura kwafi ga shugaban makaranta, wanda ya ce da shi za a sabunta allon bakin ƙofa da bajen rigunan ɗalibai a zangon karatu mai zuwa, a wurin wani mai bugu da ke Fagge.